Abin Da Ya Hana A Manta Da Sangaya

Duk wanda ya yi wayo a Gusau, ko Tsafe, ko Bungudu, kafin shekarar 2000, idan aka ambaci Sangaya a gabansa sai ka ga ya murmusa. Wannan fim ya fito daga Kano a 1999. Kamfanin Sarauniya ne ya shirya shi, Aminu Muhammad Sabo ya ba da umarni. Ali Nuhu ya fito a ɗan sarki, Fati Muhammad kuwa ta fito a Zubaina, yarinya mai aikatau a gidan sarauta, wadda ɗan sarkin ya so.

A cikin wannan shekara, watan Oktoba, Gwamna Ahmad Sani Yariman Bakura ya ƙaddamar da Shari'a a Gusau. Malamai suka yi ta jan kunne game da rawar mace da namiji, suna cewa ɗabi'ar Indiyawa ce aka aro. Ba su faɗi ƙarya ba, domin tun wajen 1950 da 'yan kai Kwarori suka riƙa kawo finafinan Indiya ƙasar Hausa, har kunnenmu ya saba. A 2001 Kano ta kafa hukumar tace finafinai.

To, me ya sa Sangaya bai mutu ba? Ga dalili. Bahaushe mutum ne mai kunya. Abin da ke zuciyarsa ba ya iya furta shi gaban manya. Waƙa ita ce ta faɗa masa. Sa'an nan labarin namu ne: 'yar talaka da aka raina, ta yi haƙuri, Allah ya ɗaukaka ta. Wace uwa ce ba ta yi wa ɗiyarta wannan fata ba? Haka kuma mai kallonsa yau ba fim kaɗai yake gani ba. Yana tuna tsakar gidan da aka shimfiɗa tabarma, da kaset na haya, da 'yan uwan da suka riga mu gidan gaskiya.

Amma akwai abin tsoro. Kaset ba ya jure zafi da ƙura, injinsa ma ya yi wuyar samu. Wanda yake da tsofaffin finafinan Hausa a akwati, ya daure ya sa a juye su cikin kwamfuta tun ba su lalace ba. Mai yabo da mai suka duka suna bukatar shaida, don jikoki su gani da idonsu, su yi nasu hukunci.

Allah ya sa mu dace. Haza wasalam.