Man Agadem da Doguwar Hanyarsa Zuwa Teku

A farkon watan Mayun 2024 ɗanyen man Nijar ya riga ya cika tankuna a Seme, wata tasha da ke bakin teku gabas da Kwatano. Ya yi tafiyar kusan kilomita 2,000 a cikin bututu, tun daga rairayin Agadem da ke jihar Difa, ya ratso ƙasar Damagaram da Maraɗi da Doso, ya tsallake kogin Kwara a wajajen Gaya, ya gangara kudu har ya iske ruwan gishiri. Abin da ya rage a loda shi a jirgi kawai. Sai shugaban Benin, Patrice Talon, ya ce ko ganga ɗaya ba za ta fita ba matuƙar Nijar ba ta buɗe iyakarta ba.

Asalin rigimar sananne ne. Bayan sojoji sun kifar da gwamnatin Mohamed Bazoum a ranar 26 ga Yulin 2023, ƙungiyar ECOWAS ta ƙaƙaba wa Nijar takunkumi, Benin ta rufe gadar Malanbil, manyan motoci suka yi jerin gwano da shinkafa da magunguna suna lalacewa a rana. Da aka ɗage takunkumin a Fabrairun 2024, Benin ta buɗe nata gefen, Yamai kuwa ta yi ƙememe, tana zargin maƙwabciyar tata da ba wa sojojin Faransa masauki, zargin da Benin ta musanta. Talon ya duba ya ga abu guda ne a hannunsa da zai taɓa shugaban mulkin sojan Nijar, Janar Abdourahamane Tiani, wato bakin bututu.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne wanda ya taso yin sulhu. Ba ECOWAS ba ce, ba Tarayyar Afirka ba, balle Faransa. Tawaga ce ta taso daga ƙasar Sin, da jami'an gwamnati da manyan kamfanin mai na CNPC, suka sauka a Kwatano. Kafin watan ya ƙare jirgin farko ya tashi da ganga kusan miliyan ɗaya. In kana son sanin mai kaya, duba wanda ya kasa barci ranar da aka tare su a hanya.

To me ya kawo Sinawa cikin hamadarmu? An daɗe da sanin akwai mai a Agadem. Kamfanonin Turawa, har da Exxon na Amurka, sun shafe shekaru suna bincike, suka lissafa nisan wurin da teku, suka ga abin ba zai fisshe su ba, suka tattara komatsansu. A 2008 gwamnatin Tandja Mamadou ta rattaba hannu da CNPC, bisa sharaɗin da Turawan ba su yarda da shi ba: a haƙa rijiyoyi, a gina matata a cikin gida. Lissafin Sinawa daban ne da na Exxon. Tun 1993 ƙasar Sin ta daina wadatuwa da man da take haƙowa, a 2017 ta wuce Amurka ta zama ta ɗaya a duniya wajen sayen ɗanyen mai, yau kuma tana shigo da ganga wajen miliyan 11 kowace rana. Yawancinsa ta ruwa yake zuwa, ta mashigar Hormuz da ta Malaka, ƙofofi biyu ƙuntatattu waɗanda jiragen yaƙin Amurka ke iya toshewa ranar da aka ɓata. Ƙasar da ke cikin wannan hali ba ta raina rijiya komai ƙanƙantarta.

Ta Agadem kuwa ƙarama ce, gaskiya. Duniya na shan ganga sama da miliyan 100 a yini. Nijar, in komai ya tafi daidai, 110,000 za ta fitar: 20,000 ga matatar Damagaram, 90,000 ga bututu. Ɗaya cikin dubu ke nan. Ba kuma dole ba ne man ya tafi Sin. Kamfanin kan sayar wa duk wanda ya fi biya, ko a Turai yake. Abin da Sinawa ke nema shi ne ƙafa a wurare da yawa, Angola da Sudan da Cadi da Iraƙi da Kazakistan, ta yadda in ƙofa ɗaya ta rufe akwai wata.

Amurka ce ta koya wa duniya wannan karatu. A Fabrairun 1945 shugaba Roosevelt, yana fama da ciwon da ya zama ajalinsa bayan wata biyu, ya karɓi baƙuncin Sarki Abdul'aziz na Saudiyya a cikin wani jirgin yaƙi a yankin mashigar Suwez. Daga nan aka ɗaura abotar da har yau ba ta kwance ba: mai daga wannan gefe, tsaro daga wancan. A 1973 Larabawa suka hana ƙawayen Isra'ila mai, farashin ganga ya ninka kusan sau huɗu, Amurkawa suka ɗanɗani layin gidan mai irin wanda muka saba da shi. Amma yau Amurka ce ta fi kowa haƙo mai, albarkacin dabarar fasa duwatsun ƙarƙashin ƙasa. Ita da a da take kwasar ganga wajen miliyan ɗaya daga Najeriya kullum, a watan Yulin 2014 ko ɗigo ba ta saya ba. Ina ganin wannan na daga cikin abin da ya sa Yammacin Afirka ya sauko a lissafinta, ya rage sai batun 'yan ta'adda da sansanin jirage marasa matuƙa na Agadas, wanda shi ma ta bari a 2024.

Ni ɗan Damagaram ne, na kuma tuna murnar da aka yi da aka buɗe matatar SORAZ a Nuwamban 2011, can kan hanyar Tanut. Kashi 60 na Sinawa, 40 na Nijar. Mutane sun ɗauka fetur zai koma kamar ruwan rijiya. Da aka bayyana farashi sai jiki ya yi sanyi, 'yan kabu-kabu suka ci gaba da zuwa inda suka saba: teburin bakin titi, kwalabe jere rana na haska su, yaro da mazurari da ɗan tsumman tacewa. Na taɓa tambayar wani matashi da ya ɗauko ni a babur me ya sa ba ya shan man ƙasarsa. Ya juyo ya ce, “Baba, na gida ai na masu mota ne. Mu na Najeriya muke sha.” Gaskiya ya faɗa. Fetur ɗin da gwamnatin Najeriya ke tallafawa shi ke tsallako iyaka a jarkoki ta Maigatari da Jibiya da Illela, shi ya riƙe babura da injinan ban-ruwa na rabin ƙasa. Da shugaban Najeriya Bola Tinubu ya cire tallafin a ranar 29 ga Mayun 2023, wannan kogi ya ƙafe, kowa ya koma gidan mai, matatar ganga 20,000 ta kasa ɗaukar nauyin. A Maris ɗin 2025 aka yi ƙarancin fetur mai tsanani, layuka daga Yamai har Damagaram. Ƙasar da ke tura ɗanyen mai teku ta aika tawaga Abuja neman tatacce, alhali gwamnatocin biyu ko gaisuwar kirki ba sa yi a lokacin.

Mu koma kan bututu, don nan ne siyasar take. Ƙasar da ba ta da teku kamar manomi ne da gonarsa ke bayan ta wani: ko damina ta yi masa kyau, ta cikin gonar maƙwabci zai fito da dammansa. Da farko an yi shawarar a haɗa man Agadem da bututun Cadi da ke zuwa Kiribi a Kamaru, wanda ya fi kusa. Daga baya aka juya zuwa Benin, ana gudun rashin tsaron yankin tafkin Cadi, aka sa hannu a 2019 zamanin Mahamadou Issoufou. A lokacin Benin ce maƙwabciyar da ba a tsammanin fitina daga gare ta. Cikin shekara biyar ta zama abokiyar gaba. Bayan jirgin farko ya tashi ma rigimar ba ta mutu ba. A watan Yuni Benin ta kama 'yan Nijar biyar a tashar Seme, ta ce sun shiga ba bisa ƙa'ida ba, Yamai ta rufe famfo daga nata gefen. A cikin wannan watan wata ƙungiyar 'yan tawaye da ke neman a saki Bazoum ta fasa bututun, ta fito ta ce ita ce. Sai da tsofaffin shugabannin Benin biyu, Nicéphore Soglo da Boni Yayi, suka je Yamai da kansu kafin a fara saukowa, mai ya sake gudana a watan Agusta. Iyakar kuwa ta ci gaba da zama a rufe ga buhun masara da albasar Galmi. Mai kaɗai ke da izinin wucewa.

Wanda ya bi labarin Sudan ba zai yi mamaki ba. Da Kudu ta ɓalle a 2011 ta tafi da kusan kashi uku cikin huɗu na man, bututu da tashar ruwa suka zauna a Arewa. Aka kasa daidaitawa kan kuɗin wucewa, Khartum ta fara kwashe mai a madadin bashi, a Janairun 2012 Juba ta rufe rijiyoyinta gaba ɗaya, ƙasar da kusan dukkan kuɗin shigarta daga mai ne. Fiye da shekara guda aka yi a haka, kowa na jiran ɗan'uwansa ya fara faɗuwa. CNPC ce babbar mai jari a ɓangarorin biyu. Sin, wadda kullum take cewa ba ta tsoma baki a harkar cikin gidan kowa, ta naɗa wakili na musamman yana kai-kawo, a 2015 kuma ta tura bataliyar sojoji 700 Sudan ta Kudu ƙarƙashin tutar Majalisar Ɗinkin Duniya. Rashin tsoma baki yana da iyaka, iyakar kuwa ita ce inda mai ya tsaya.

A Cadi an gwada wata hanya. Bankin Duniya ya taimaka aka gina bututun Doba zuwa Kiribi, mai ya fara fita a 2003, da sharaɗin a kashe mafi yawan kuɗin kan makarantu da asibitoci, a ajiye wani kaso don 'yan baya. Da 'yan tawaye suka matso, shugaba Idriss Déby ya sauya dokar ya sayi makamai. A 2006 ya yanke hulɗa da Taiwan ya rungumi Beijin, a 2008 Bankin Duniya ya janye. Sharaɗi kan yi ƙarfi ne kafin a binne bututu. Bayan nan sai dai wa'azi.

Masu cewa Sin ta zo ne ta cece mu daga Turawa, da masu cewa sabon mulkin mallaka ne, duk ina ganin sun sauƙaƙa abin fiye da kima. A Afrilun 2024, takunkumi ya bar baitulmali a bushe, CNPC ta ba wa gwamnatin soja dala miliyan 400 a matsayin kuɗin mai tun kafin a sayar, a biya cikin shekara guda da ruwa kashi 7. Wannan ba kyauta ba ce, ciniki ne, kuma na wanda ya san ba ka da wani wurin zuwa. Rabon Nijar a man da ke bin bututu bai wuce kusan kashi ɗaya cikin huɗu ba, kamar yadda hukumomi da kansu suka faɗa. Amma shi ma mai jarin a ɗaure yake. Biliyoyin daloli ya zuba a cikin rairayi, ba kuma zai naɗe bututu ya saɓa a kafaɗa ya tafi ba. Sojojin Yamai sun gane haka. A Maris ɗin 2025 suka kori manyan shugabanni uku 'yan Sin, na CNPC da na matata da na kamfanin bututu, ana ƙorafi kan bambancin albashi tsakanin baƙi da 'yan ƙasa. Da Faransa aka yi wa haka, da an ji sanarwa mai zafi daga Paris. Beijin ta haɗiye, aka koma teburi, mai bai fasa gudana ba. Kamfanin Orano na Faransa, wanda aka ƙwace wa lasisin yuraniyom na Imuraren a 2024, aka kuma mayar da ma'adinar Somair ta gwamnati a 2025, shi kotunan sasanci na ƙasashen waje ya nufa.

Yanzu ga wani bututun ana maganarsa, na iskar gas. Tun da Rasha ta afka wa Yukiren a Fabrairun 2022, Turai, wadda a da take samun kusan kashi 40 na gas ɗin da take shigowa da shi daga Rasha, ta bazama neman madadi. A Yulin 2022 ministocin Najeriya da Nijar da Aljeriya suka farfaɗo da tsohon shirin bututu mai tsawon kilomita sama da 4,000 da zai ratsa Sahara. Maroko, wadda ba ta ga-maciji da Aljeriya, na tallata nata da zai bi gaɓar teku ta ƙasashe fiye da goma. Najeriya ta sa hannu a duka biyun, tana kallon wanda zai fara kawo kuɗi. In na Sahara ya tabbata, daga Ajakuta zai hau ta Kaduna da Kano, ya shiga Nijar ya nufi arewa. A wannan karon Nijar ce za ta zauna a tsakiya, famfon wani a hannunta, kamar yadda nata yake a hannun Benin.