Inuwa da haske: aikin da masana'anta ke bari a jikin ƙananan mutum-mutumin wasan tebur

Sojan da ake magana a kansa bai kai tsawon ɗan yatsa ba. Milimita 28 ne ko sama da haka kaɗan, an zuba shi da roba, an shafe shi da fenti tun daga masana'anta: jar alkyabba, takobi mai ruwan azurfa, takalmi ruwan ƙasa. Idan aka ɗaga shi kusa da ido, kowane launi yana inda ya dace. Amma da zarar an ajiye shi a tsakiyar tebur aka ja da baya taku ɗaya, sai fuskar ta ɓace, ninkin alkyabbar ya shafe, abin da ya rage kawai ɗan dunƙulen ja. Wannan matsala ce ta haifar da wata 'yar sana'a a tsakanin masu wasannin yaƙi na kan tebur a Turai da Amurka, wato ƙara inuwa da haske a kan abin da aka riga aka fenta.

Asalin wasan

Wasan yaƙi a kan tebur ya fara ne a matsayin darasin hafsoshi. A shekarar 1824 wani jami'in sojan Prussia, a ƙasar Jamus ta yau, mai suna Georg von Reisswitz ya gabatar wa manyansa wasan Kriegsspiel, wanda ake yi a kan taswira da 'yan tubala masu wakiltar runduna. A 1913 marubucin Ingila H. G. Wells ya fitar da littafin Little Wars, wanda ya mayar da abin wasan farar hula da sojojin dalma. Kamfanin Games Workshop, da aka kafa a Landan a 1975 kuma hedikwatarsa ke Nottingham a yanzu, shi ya yaɗa shi a duniya da wasan Warhammer a 1983 da Warhammer 40,000 a 1987. Nasa mutum-mutumin ba fenti ake sayar da su, mai saye ne zai harhaɗa ya fenta da kansa.

Ba kowa ke da wannan lokacin ba. Shi ya sa kamfanin WizKids na Amurka ya fito da Mage Knight a shekarar 2000, sannan HeroClix a 2002, waɗanda ake ciro su daga kwali a shirye. Wasan Dungeons & Dragons ya bi sahu a 2003, jiragen Star Wars: X-Wing kuma suka zo a 2012. Sai dai fentin da ake yi wa dubban kaya cikin gaggawa fenti ne na bai-ɗaya: launi guda ga riga, launi guda ga fata, shi ke nan.

Dalilin da ya sa ido ba ya gamsuwa

Ido yana gane surar abu ne ta hanyar bambancin haske da duhu. Mutum mai babbar riga idan ya tsaya a rana, kowane ninki na rigar yana da zurfin da zai jefa inuwa. Idan aka rage mutumin nan kusan sau sittin, zurfin ninkin ba zai kai milimita ɗaya ba, kuma hasken ɗaki da ke zuwa ta kowace fuska zai cike shi. Inuwar da ya kamata ta fito da ƙirar jiki sai ta ɓace.

Saboda haka mai fenti yana zana inuwar da hannunsa. Yana ɗauka cewa rana tana bisa kan mutum-mutumin, sai ya duhunta duk inda haskenta ba zai kai ba, kamar ƙarƙashin haɓa, hammata da cikin ninki, ya kuma haskaka kafaɗa, goshi, hanci da bayan hannu. Dole ya ɗan wuce gona da iri, domin daga nisan kamu biyu ake kallon tebur. Abin da ya yi kama da ƙari a tafin hannu, a tebur daidai yake.

Yadda ake yi

Matakin farko wanki ne da ruwa da sabulu da tsohon burushin haƙori, don cire maiƙon masana'anta da na hannu. Yawancin irin waɗannan kaya da roba mai taushi ake yin su, shi ya sa takubba da masu kan zo a lanƙwashe. Ana tsoma su a ruwan zafi na 'yan daƙiƙoƙi, a miƙe, a tsoma a ruwan sanyi. Idan fentin masana'anta yana da santsi, ana shafa masa siririn ruwan kariya marar sheƙi domin sabon fenti ya sami wurin kamawa.

Daga nan sai inuwa. Ana amfani da tsinkakken fenti mai duhu wanda ke gangarawa da kansa cikin lungu da saƙo ya bar tudu. Biyu daga cikin waɗanda suka fi shahara su ne Nuln Oil, mai baƙi, da Agrax Earthshade, mai ruwan ƙasa, duka na Games Workshop. Baƙin ya dace da ƙarfe da sulke, ruwan ƙasan kuma da fata, itace da ƙashi. Kuskuren sabon shiga shi ne ya yi wa mutum-mutumin wanka da shi gaba ɗaya. Ruwan zai taru a kan shimfiɗaɗɗen wuri, ya bushe ya bar zobe kamar na shayin da ya zube a takarda. Gwani yana kai bakin burushi cikin ninkin kaɗai, ya tsotse rarar da busasshen burushi kafin ta kama.

Haske yana zuwa bayan inuwa ta bushe sarai. Hanya mafi sauƙi ita ce a ɗebo fenti mai haske, a goge shi a tsumma har sai ya kusa ƙarewa, sannan a riƙa shafa burushin sama-sama a kan gashi, sarƙa ko dutse. Tudu ne kawai zai kama. A kan sulke da jikin jirgi kuma, ana jan siririn layi a kaifin gefe da cikin burushi, ba da tsininsa ba. Akwai ƙa'idar launi da ke ceton mutane da yawa: ba a haskaka ja da fari, domin zai koma ruwan hoda. Da ruwan lemo ake haskaka shi. A ƙarshe sai a rufe aikin da ruwan kariya, tunda abu ne da hannaye za su yi ta ɗauka.

Abin da ake iya rasawa

Aikin yana da haɗari, domin fentin masana'anta ba ya dawowa. Wasu daga cikin waɗannan kaya an daina yin su. A 2024 aka sanar da dakatar da fitar da sababbin kayan X-Wing, kuma masu tara irin waɗannan abubuwa sukan fi son wanda ba a taɓa ba. Sinadarin asiton da wasu ke goge kuskure da shi yana iya cinye robar kanta, wasu fentin feshi kuma ba sa bushewa a kan roba mai taushi, sai su bar ta tana danƙo. Don haka fentin akirilik mai narkewa a ruwa shi ne abin dogaro, kuma a kan mafi arhar soja a akwati ake koyo.

Wanda zai gwada a Abuja yana da yanayi da zai lura da shi. A lokacin hunturu fenti kan bushe a bakin burushi kafin ya kai jikin aiki, ga ƙura da ke sauka a kan ɗanyen shafi. Maganinsa shi ne a shimfiɗa jiƙaƙƙen soso a faranti, a rufe da takardar gashin burodi, a riƙa zuba fentin a kai, a kuma kifa kofi a kan aikin yayin da yake bushewa. Da damina kuwa, ruwan kariya na feshi yana iya yin fari-fari saboda laima, don haka shafa shi da burushi ya fi aminci.

Duk aikin bai wuce launi biyu ko uku da burushi biyu ba, kuma soja ɗaya yana iya ƙarewa a zaman yamma guda. Abin da ya fi wahalar koyo shi ne sanin lokacin tsayawa. Masu abin sukan ajiye sojan a tebur bayan kowane mataki, su ja da baya su duba. Idan fuska ta fito, ninkin alkyabba ya bayyana daga nan, aiki ya kammala, sai a wanke burushi a ɗauko na gaba.