Ɗalibin likitan ƙashi da hanyar Diffa

Daga Yamai zuwa Diffa tafiyar sama da kilomita 1,300 ce, kuma manyan makarantun da ke yaye likitoci a Nijar suna can yamma: Jami'ar Abdou Moumouni a Yamai, ta Dan Dicko Dankoulodo a Maraɗi, da ta André Salifou a Damagaram. Jami'ar Diffa, da aka kafa a 2014, noma da muhalli ta fi sa wa gaba. Saboda haka ɗalibi na iya gama zagayensa a sashen ƙashi bai taɓa ganin yadda karaya ke isowa daga Bosso ko Gueskérou ba, bayan ta kwana uku a ɗaure. A ganina ya kamata a riƙa turo ɗaliban shekarun ƙarshe su yi 'yan makonni a babban asibitin jihar Diffa, kuma shirin zuwan ya sha bamban da na zuwa asibitin babban birni.

Mai shirin zuwa Yamai yakan duƙufa kan sunayen ƙarafan da ake dasawa a ƙashi. Mai zuwa Diffa a bakin kogin Komadugu hannunsa ya kamata ya fara horarwa: ya iya naɗa filasta ba ta matse ba, ya iya rataya nauyi a ƙafar da cinyarta ta karye, ya iya wanke rauni har ya fita fes. Karayar da ƙashi ya huda fata tana son maganin kashe ƙwayoyin cuta da allurar sarƙe-haƙora tun a sa'o'in farko. Raunin harsashi kuma, wanda yankin ya sani tun harin 6 ga Fabrairun 2015 a Bosso da Diffa, ba a ɗinke shi nan take. A yanke mataccen nama, a bar shi buɗe, sai bayan kamar kwana biyar a rufe. A 2015 kwamitin masana na mujallar Lancet ya sa maganin irin wannan buɗaɗɗiyar karaya cikin ayyuka uku da ake auna asibiti da su, tare da tiyatar haihuwa da ta ciki, kuma ya ce a samu cikin awa biyu. Manomin tattasai da ke gefen gulbi ya daɗe yana nesa da wannan awa biyun, balle lokacin da dokar ta-ɓaci ta hana hawa babur a 2015.

Sai batun masu ɗori, wanda littafi ba ya koyarwa. Yaro ya faɗo daga bishiya ko daga bayan amalanke, gwiwar hannu ta karye, aka kai shi wurin mai ɗori, aka jera kara aka ɗaure tam. Hannu ya kumbura a cikin ɗaurin, jini ya kasa wucewa. Alamar tana nan ga mai lura: zafi ya wuce misali, yaro na ihu in an miƙe masa yatsu, daga baya yatsun su yi sanyi su daina ji. Sa'o'i kaɗan ke tsakanin kwance ɗauri da yanke hannu. Ɗalibin da ya tarbi uban yaron da faɗa ya rasa shi, ya kuma rasa duk wanda uban zai ba labari a gari. Mutane na zuwa wurin mai ɗori ne don yana kusa, kuɗinsa da sauƙi, yana jin harshensu, kuma suna tsoron asibiti zai yanke. Don haka koyon gaisuwa da tambayar "ina ke ciwo?" da Barbarci ko Fulatanci yana cikin shiri, daidai da karatun hoton ƙashi, domin ba kowace tsohuwa daga ƙauye ke jin Hausa ba, balle Faransanci.

Za a ce tsaro fa? Magana ce mai nauyi, kuma ba wanda zai nemi a kai ɗalibi ƙauyukan bakin iyaka. Cikin gari ake nufi, da masauki a kusa da asibiti, da ikon dakatar da zuwan in hali ya ɓaci. Ma'aikatan jinya na can suna aiki shekara da shekaru, kuma ƙungiyar Red Cross ta duniya ta tallafa wa sashen tiyatar asibitin a lokacin da masu rauni suka yi yawa.

Ƙorafi na biyu ya fi ƙarfi: inda ƙwararru suka yi ƙaranci, wa zai tsaya a kan ɗalibi, kada talaka ya zama abin gwaji? Wannan gaskiya ne, kuma shi ya sa bai kamata ɗalibi ya zo shi kaɗai ba. Jami'ar da ta turo shi ta haɗo shi da malami, ko da na mako biyu ne, a kuma rubuta abin da aka yarje masa ya yi da hannunsa da abin da zai tsaya ya kalla. Damagaram ce ta fi kusa, ita ce kuma ke karɓar marasa lafiyar da Diffa ta tura gaba, don haka ita ta fi dacewa ta fara. Malamin da ya rako ɗalibai zai yi wa mutanen gari aikin da da sai sun yi doguwar tafiya a mota da karyayyar ƙafa kafin su samu.