Yadda Ake Sarrafa Talotalo a Gidajen Yauri

A ƙasar Yauri kifi ne abincin yau da gobe, balle tun da aka kammala madatsar Kainji a 1968. Amma idan Sallah ko biki ya zo, wasu gidajen kan yanka talotalo, tsuntsun da asalinsa daga Meziko ne. Girmansa ne matsalar: namiji ɗaya ya fi ƙarfin cin yini guda.

Dabarar ita ce a kasa shi tun wurin yankawa. Wuya da fukafukai da ƙashin baya a yi farfesu da su, a zuba citta, kanumfari, masoro da albasar Yauri ba ƙyashi. A rage wuta a yi haƙuri, domin talotalon gida ya sha yawo, namansa ya fi na kaza tauri. Romon da ya saura shi ne na dafa-dukar washegari.

Cinyoyi na miyar taushe ne da tuwon shinkafa. Ƙirjin kuwa ba shi da kitse, suya kaɗan sai ya bushe, gara a dafa shi, a daka a turmi, a soya dambu. Idan ya soyu sosai yana kwanaki ba firji. Sauran a kyafe a banda, yadda ake yi wa kifi.

Daskararren talotalon ƙetare dai gwamnatin tarayya ta haramta shigo da shi, kuma ko an same shi a kasuwa, mai saye bai san sau nawa ya narke a hanya ba.