Abubuwan da ya kamata ka sani kafin ka sayi kwamfutar tebur don rubuta manhaja

Ɗalibin Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau da ke Talata Mafara, ko matashin Bakura ko Maradun da ya tara kuɗin shinkafar rani a gonakin Bakolori, zai iya mallakar kwamfutar rubuta manhaja ba tare da ya ci bashi ba. Abin da ake bukata shi ne ya san inda zai zuba kuɗinsa.

Fara da lissafin wuta

Kwamfutar tebur ba ta da batir. Ana ɗauke wuta za ta mutu, aikin da ba ka adana ba ya bi ruwa. Saboda haka ware kuɗin UPS ko ƙaramar sola tun kafin ka shiga ciniki. Nan ne ƙananan kwamfutocin ofis suka yi zarra: Dell OptiPlex Micro, HP EliteDesk Mini da Lenovo ThinkCentre Tiny. Girmansu bai wuce na littafi mai kauri ba, kuma yawancinsu adaftar wat 65 ke ɗaukarsu. Babbar kwamfutar wasanni kuwa tana iya shan ninki huɗu na haka.

RAM da SSD ne ƙashin bayan aiki

Nemi RAM mai gigabait 16. Da 8 za ka iya gina shafukan intanet, amma da zarar ka buɗe Android Studio tare da burauza, sai na'urar ta fara jan ƙafa. Ma'ajiya kuma ta zama SSD, aƙalla gigabait 256. Katin hoto mai tsada bai zama dole ba, sai ga mai haɗa wasanni ko horar da ƙirƙirarriyar basira.

Duba shekarun furosesa

Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoba, 2025, kuma Windows 11 na neman Intel ƙarni na 8 zuwa sama. Lambar furosesar ce za ta faɗa maka: i5-8500T ƙarni na 8 ne, i5-6500T na 6. In tsohuwa kuɗinka suka kai, ɗora mata Ubuntu, kyauta ne.

A shago, gani ya kori ji

Ko a Gusau ne ko a Farm Centre ta Kano, kada ka biya sai an kunna a gabanka. Duba RAM a allo da idonka, gwada kowace kafar USB, kasa kunne ka ji kukan fanka, sannan a rubuta kwanakin garanti a rasit.

Zafi da ƙura

Zafin Afrilu yakan haura digiri 40, ƙurar hunturu kuma tana toshe fanka. Ɗaga na'urar daga ƙasa, rufe ta da ƙyalle bayan ka kashe, ka riƙa kakkaɓe ta. Sayen nagari mayar da kuɗi gida ne, amma sai mai shi ya iya riƙo.