Tsakuwar Ƙoda da Tambayoyin Likita

 Ciwon tsakuwa a ƙoda ko mafitsara tsohon ciwo ne. Abul Ƙasim Az-Zahrawi, likitan Andalus wanda ya rasu a 1013, ya bayyana yadda ake fid da ita cikin littafinsa At-Tasrif. Amma fid da ita ba shi ne ƙarshen magana ba, domin kusan rabin waɗanda suka yi ta takan komo musu kafin shekara 10. Saboda haka likita yakan zaunar da majiyyaci ya binciki cinsa da shansa.

Farkon tambaya ruwa. Ita tsakuwa gishiri-gishiri ne da ke daskarewa idan fitsari ya yi kauri. Falke da ya yini a mota yana ƙin sha don kada a tsaya masa, da ɗan kasuwa da ke gumi a rumfa cikin bazara, da malamin da ya zauna kan buzu tun hantsi har azahar, duk fitsarinsu kan ƙaranta. Abin da ake nema ga mai wannan ciwo shi ne ya fitar da fitsari lita 2 da rabi a kwana, wato ya sha kamar lita 3. Wani lokaci akan ba shi jarka ya tara fitsarin dare da rana, a auna yawansa da abin da ke ciki.

Ta biyu gishiri. Yawansa kan jawo sinadarin kalsiyam zuwa fitsari, kuma mafi yawan tsakuwa da shi take ƙulluwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada baligi ya kai giram 5 a rana, kimanin ƙaramin cokali guda, har da wanda ke ɓoye cikin dunƙulen miya da kilishi.

Ta uku nama da ganye. Yawan tsire da hanta da kayan ciki kan sa fitsari tsami. Alayyafo da gyaɗa da baƙin shayi kuwa suna ɗauke da okzalet, abokin ƙulluwar kalsiyam.

Nan ne mutane kan yi kuskure: sai su ji sunan kalsiyam su ƙaurace wa nono. Alhali nonon da aka sha tare da abinci shi ke kame okzalet tun a hanji, ya hana shi isa ƙoda. Lemon tsami cikin ruwa ma yana taimako.

Mai azumi ya rarraba shansa daga buɗa baki zuwa sahur. Wanda ciwon ya tsananta gare shi ya tambayi likita da malaminsa, domin shari'a ta sauƙaƙa wa marar lafiya. Kuma ya faɗi gaskiyar abin da yake ci, don a kan amsarsa ake ɗora magani.

Allah ya ba da lafiya, amin.