Yadda Ake Kai Zane Mai Motsi Cikin Manhajar Taɓawa



Iyayenmu da kakanninmu suna ba mu labarin majigi, yadda mota kan zo gari da magariba, a kafa farin ƙyalle a fili, jama'a su zauna su yi kallo. A wancan zamani ɗan kallo ba shi da ta cewa, abin da aka haska shi zai gani. Yau kuwa ƙaramin yaro yana ɗaukar wayar babansa, ya dangwala yatsa a kan zanen akuya, akuyar ta yi tsalle. To, yaya ake ɗauko zane mai motsi daga inda aka ƙera shi, a kai shi inda zai riƙa amsa taɓawa? Abin da nake so in ɗan yi bayani a kai ke nan.

Da farko mu sani hoto ba ya motsi, ido ne ake ruɗawa. Duk wanda ya taɓa zana ɗan mutum a gefen shafukan littafin rubutunsa, ya saki shafukan da sauri, ya ga wannan. Silima tana nuna hotuna 24 a daƙiƙa ɗaya, talabijin ɗin ƙasarmu kuwa 25. Wato minti ɗaya kacal na talabijin hotuna 1,500 ne a jere. Haruffan nan masu shawagi da muke gani a farkon finafinan Kano, haka ake jera su a kwamfuta, sau da yawa da wata manhajar kamfanin Adobe mai suna After Effects.

A cikin wannan manhaja komai yana zaman kansa, sama daban, ƙasa daban, akuya daban. Amma da zarar an fitar da aikin a matsayin bidiyo, sai duka su haɗe su zama abu guda. Bidiyo kamar tuwo ne, in an tuƙa ba ya komawa gari.

Mun ga wannan da idonmu a zangon da ya wuce. Mu 'yan ƙungiyar kwamfuta mun yi niyyar shirya wa ƙannenmu na firamare ɗan darasi da Hausa, inda yaro zai taɓa ƙwayar gero ta tsiro, ya sake taɓawa ta fitar da zangarniya. Mun shafe mako uku muna zane. Da muka fitar da shi a bidiyon MP4 muka ɗora a kan hoton gona, sai geron ya zo cikin baƙin akwati ya rufe rabin gonar, kuma in ya fara girma ba ya tsayawa sai ya kai ƙarshe. Ranar mun sha dariyar 'yan ajinmu. Malaminmu ne ya zaunar da mu ya nuna mana cewa hanyoyin fitarwa uku ne, kowace da inda take da amfani.

Hanya ta farko ita ce bidiyo. Tana da kyau in kallo kawai ake so, domin kowace waya tana iya buɗe ta. Aibinta shi ne MP4 irin wanda aka saba ba ya barin bayan zane a sarari, sai ya cike wurin da launi. Ga asalin baƙin akwatinmu.

Hanya ta biyu ita ce a fitar da hotunan ɗaya bayan ɗaya, a nau'in PNG, wanda yake barin bayan zane garau kamar gilashi. A nan manhaja tana iya tsayawa a hoto na hamsin, ta jira yaro ya taɓa. Sai dai akwai nauyi. Motsin daƙiƙa goma hotuna 250 ne, ga shi kuwa yawancin wayoyin ƙauyukanmu ƙanana ne, kuɗin data kuma ba a hanya ake tsintarsa ba.

Hanya ta uku ta fi burge ni. Maimakon a aika hotuna, sai a aika bayani a rubuce: ga siffar ganye, ga launinsa, ya tashi daga nan zuwa can cikin daƙiƙa biyu. Waya ce za ta karanta ta zana da kanta. Kamar mutum ne ya aika wa tela da awo a takarda maimakon ya ɗauki babbar riga ya kai masa. Wani mai suna Hernan Torrisi ya ƙirƙiro Bodymovin, abin da ke fitar da irin wannan bayani daga After Effects, sannan a 2017 kamfanin Airbnb na Amurka ya saki Lottie, wadda ke karanta shi a waya. An samo sunan ne daga Lotte Reiniger, wata Bajamushiya da ta yi fim a 1926 da yankakken kwali, ta ɗauko labarinsa daga Dare Dubu da Ɗaya. Fayil ɗin ba shi da nauyi, kuma ko an faɗaɗa zanen ba ya dushewa. Amma hanyar ta fi dacewa da zane mai sauƙin siffa. Hayaƙi da ƙura da hoton mutum na gaske sun fi zama lafiya a bidiyo. Da ita muka gyara geronmu.

Akwai kuma wani gargaɗi. Shekaru da dama yawancin wasanni da zane masu motsi na intanet da manhajar Flash ake yin su. Ranar 31 ga Disamba, 2020, Adobe ya daina kula da Flash Player, ayyuka masu yawa suka daina buɗuwa a shafukansu. Wanda ya adana asalin aikinsa yana iya sake fitar da shi ta sabuwar hanya, wanda bai adana ba kuwa wahala ta same shi. Mu 'ya'yan manoma mun san wannan tun a gida: komai yunwar bazara, ba a cinye iri.

Saboda haka, ɗan'uwa, kafin ka danna maɓallin fitarwa, tambayi kanka: kallo za a yi ko taɓawa? Wace irin waya ce za ta buɗe? Sannan ka ɓoye asalin fayil ɗinka wuri biyu. Ku kuma iyayenmu, in kun gan mu da hutu muna zane a kwamfuta, ku yi mana uzuri, sana'a ce muke koyo. Darussan taɓawa da Hausa ba su da yawa, in ba mu yi wa ƙannenmu ba, wa zai yi?

Allah ya ba mu ilimi mai amfani, amin.